Kasetin Biki da Na Suna: Yadda Za Ki Tace Shi, Ki Juya Shi, Ki Adana Shi a Cikin Gidanki

A yau za mu leƙa cikin akwati ne, ko ƙarƙashin gado, ko bayan jeren kwanuka, inda da yawa daga cikinmu suka ajiye wani abu suka manta da shi. Ina nufin kasetin bikinki, da na sunan ɗanki na fari, da na ranar da 'yarki ta yi saukar Alƙur'ani, da na ranar da aka taro Hajiya daga Makka. Tun daga Shinaka da Goronyo har Wurno da Rabah, da wuya ki shiga gidan da aka yi aure daga wajajen 1995 zuwa 2012 ki rasa irin wannan kaset ko faifai. A wancan lokaci in za a yi hidima, akan ɗauko mai bidiyo, wani lokaci tun daga cikin garin Sakkwato, ya yini yana ɗauka tun daga kamu har kai amarya.

To, yaushe rabonki da kallon naki? Kin tabbata har yanzu yana yi? A cikin wannan kaset akwai fuskoki da muryoyin mutanen da yau ƙasa ta rufe musu ido. Akwai kuma ke da ƙawayenki cikin kwalliya, kai babu mayafi, a tsakar gida inda kuka ɗauka mata ne zalla. Saboda haka abu biyu ne a gabanmu: kada hoton ya lalace, kuma kada ya faɗa hannun da bai dace ba. Hanyar da ta haɗa biyun ita ce a yi aikin a cikin gida, da kwamfutar gida.

Me ya sa ake gaggawa?

Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin maganaɗisu, kuma a jikin wannan gari hoto da murya suke zaune. Zafi yana sa ledar ta saki, laima tana sa ta yi fumfuna ta manne, ƙura kuma tana kankare ta duk sa'ad da aka kunna. Mu kuwa ƙasarmu duk ukun muna da su. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, balle a ɗakin kwano da rana tsaka. Da hunturu ƙurar buji ba ta bar ko cikin akwati ba. Da damina kuma mutanen bakin Gulbin Rima sun san abin da ruwa ke iya yi. Ambaliyar watan Satumba na 2010 ta ci garuruwa a yankin Goronyo, mutane suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka kawai. Daga baya ga matsalar tsaro da ta tashi iyalai da dama daga gidajensu a gabashin jihar. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa neman kaset.

Sannan ko kasetin yana da lafiya, na'urar kunna shi tana ƙarewa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kaset ta VHS, ya daina a shekarar 2016. Duk wadda kika gani yau tsohuwa ce, in ta mutu kuma kayan gyaranta sai an sha wuya. Rigakafi dai ya fi magani.

Fara sanin abin da ke hannunki

Kafin komai, fito da su duka ki jera, domin kowane iri da hanyarsa.

Akwai babban baƙin kaset na VHS, irin wanda aka fara sayar da finafinan Hausa a cikinsa tun daga Turmin Danya a 1990. Akwai ɗan ƙaramin kaset mai kamar kwalin ashana, ana ce masa MiniDV, wanda ya fito a 1995, kuma yakan ɗauki minti 60. Wasu kyamarori na baya sun riƙa zuba hoto mai tsananin haske a cikin irin wannan ƙaramin kaset, su ne za ki ga an rubuta HDV a jikinsu. Akwai faifan VCD da na DVD. Sai kuma kyamarorin da ba su da kaset sam, masu ajiya a ɗan kati ko a rumbun cikinsu. Mafi yawansu za ki ga an rubuta AVCHD a gefe, wani tsari ne da kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006. Irinsu ne alhazai da masu zuwa Dubai suka riƙa shigo da su tsaraba.

Bambancinsu a ido ba kaɗan ba ne. Kowane hoto a allo ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera. Na VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD 720 ne da 576. Mai tsananin haske kuwa 1920 ne da 1080, wato sama da ɗigo miliyan biyu, ninki biyar na DVD ke nan, kimanin ninki ashirin na VCD. Shi ya sa a cikinsa har zanen lallen amarya da aikin leshinta ake gani raɗau. Shi ya sa kuma yake da nauyi, yake wahalar da ƙaramar kwamfuta. Abin lura a nan: idan mai bidiyo ya ɗauki bikinki da babbar kyamara amma ya ba ki a VCD, to ɗan tsakure kawai kika samu. In har yana raye kuma yana da asalin kasetin, ki sa maigida ya karɓo, ko da za a biya.

Kayan aiki

Ba sai sabuwar kwamfuta ba. 'Yar gwanjo mai lafiya ta isa, matuƙar ƙwaƙwalwar aikinta ta kai giga 8. Ta tafi-da-gidanka ta fi dacewa da mu saboda tana da batir. Idan wutar Nepa ta ɗauke ko janareto ya mutu ana tsakiyar juyawa, ta tebur nan take za ta mutu, aikin awa biyu ya tashi a banza. Ki nemi rumbun ajiya na waje, wanda ake jonawa da waya, mai ɗaukar giga 1,000. In da hali a sayi biyu, za ki ga dalili a gaba.

Manhajojin aikin kyauta ne. VLC na kallo ne, yana buɗe kusan kowane irin bidiyo. Shotcut ko Kdenlive na yanka da haɗawa ne. HandBrake kuma na juyawa da rage nauyi ne. Waɗanda suka saba da Movie Maker su sani kamfanin Microsoft ya janye shi tun Janairun 2017, kuma da yawa daga shafukan da ke cewa suna bayar da shi cuta suke cusa wa kwamfuta. A sauke kowace manhaja daga shafin masu ita. Sau ɗaya ake saukewa, bayan nan duk ukun suna aiki ba tare da intanet ba.

Idan ke ba ki saba da kwamfuta ba, kada wannan ya karya miki gwiwa. 'Yarki ko ƙanwarki da ke sakandare ko kwaleji za ta iya koyon wannan cikin 'yan kwanaki. Ita ta riƙe linzami, ke ki zauna gefenta ki riƙa faɗin abin da za a bari da wanda za a cire, domin ke kika san mutanen da ke ciki.

Mataki na farko: kwashewa

Idan kyamara mai kati ce, abin da sauƙi. Zare katin ki sa a kwamfuta, ko ki jona kyamarar da wayarta. Sai dai kada ki tsinci bidiyon ɗaya-ɗaya. Ki kwafe jakar gaba ɗaya yadda take, wadda galibi aka rubuta wa PRIVATE ko AVCHD. Dalili kuwa, idan ɗauka ta yi tsawo kyamara kan datsa ta gida-gida, kuma bayanin yadda za a sake haɗa su yana cikin sauran ƙananan jakunkunan. Awa ɗaya ta irin wannan hoto kan ci giga 8 zuwa 11. Bayan kin kwafe, buɗe kowanne ki gani yana yi kafin a goge katin.

Idan MiniDV ne ko HDV, sai an sa kasetin a kyamararsa an jona ta da kwamfuta da wata waya ta musamman mai suna FireWire. Yawancin kwamfutocin yanzu ba su da ƙofar wannan waya, amma tsofaffi suna da ita, kuma ana iya sa wa ta tebur. Awa ɗaya kan ci kimanin giga 13. Idan VHS ne, ana sayar da wata 'yar na'ura mai bakin waya uku, ja da fari da rawaya, wadda ke ɗauko hoto daga na'urar kaset zuwa kwamfuta. A duka biyun babu gaggawa: kasetin awa uku sai ya yi awa uku cif yana juyawa.

Kafin ki kunna tsohon kaset, duba ta gilashinsa. Idan kin ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce. Kada ki sa shi, zai tsinke ya kuma ɓata kan na'urar, ta shafa wa sauran. Haka wanda ruwa ya taɓa jiƙawa. Irin waɗannan sai mai gyara. Fara gwada na'urar da kasetin da ba ki damu da shi ba, domin tsohuwar na'ura tana cin zare.

Ga ƙa'idar da ba a karyawa: abin da kika kwaso na farko shi ne uwa. Ki ajiye shi a jaka daban, kada a yanke shi, kada a rage shi. Duk aikin da za a yi, a kan kwafi za a yi. Kamar iri ne da manomi ke ɗaurewa a rumbu, ba a tuƙa tuwo da shi.

Mataki na biyu: tacewa

Tacewa ita ce cire abin da ba a so da jera wanda ake so. A Shotcut za ki jawo bidiyon ki ajiye a kan dogon layin da ke ƙasa. Kina kallo, in kin zo farkon wurin da ba ki so sai ki datsa, ki je ƙarshensa ki sake datsawa, ki goge tsakiyar. Wannan ba ya taɓa uwar ko kaɗan, manhajar tana rubuta umarninki ne kawai. Ki riƙa adana aikin bayan kowane minti goma.

Idan hoton yana tsayawa yana fizga, ba lalacewa ya yi ba. Tsarin AVCHD yana danƙare hoto ne matuƙa, kamar an cusa kayan buhu biyu a buhu ɗaya, don haka kwamfuta tana shan aiki wajen warware shi. Shotcut da Kdenlive duk suna da dabarar wannan: suna yin ƙaramin kwafi mara nauyi ki yi yankanki a kansa, in an zo fitarwa sai su koma kan babban.

Me za a cire? Masu bidiyo suna da ɗabi'ar tsayawa a kan faranti ana cin abinci, ko a kan mutane suna zaune ba abin da ke faruwa. Bikin awa huɗu yakan koma minti arba'in ba tare da an rasa komai ba, kuma shi ne yara za su iya zama su kalla. Abin da ya kamata ki riƙe da kyau shi ne wurin da dattawa ke magana: nasihar da gwaggo ta yi wa amarya, addu'ar malam a wajen suna, kakarki tana yi wa jariri wasa. A da su ne ake wucewa da sauri don a je wajen kwalliya. Yau su ne ba su da madadi. Manhajar tana ba da damar rubutu a kan hoto, don haka ki sa sunan kowane dattijo da dangantakarku a ƙarƙashinsa. Jikokinki ba za su san fuskokin ba sai an gaya musu.

Shawara mafi muhimmanci ita ce ki fitar da kwafi iri biyu. Na farko na kowa da kowa: ɗaurin aure, addu'o'i, gaisuwar iyaye, mata cikin hijabi da mayafi. Shi ne za a kunna a falo ko a aika wa dangi. Na biyu na cikin ɗaki: kamu, sa lalle, wankan amarya, zaman ajo, da duk inda mata suka saki jiki. Wannan ba ya fita, kuma ba a sa shi a waya.

Mataki na uku: juyawa

Talabijin da waya da yawa ba sa gane bidiyon da ya fito kai tsaye daga kyamara. Wanda kusan kowace na'ura ke karɓa shi ne MP4. Buɗe HandBrake, ki jawo bidiyon, ki zaɓi ɗaya daga cikin shiryayyun tsare-tsarensa. Mai suna Fast 1080p30 na kallo a babban talabijin ne, Fast 720p30 kuma ya isa waya da aikawa. Nauyin kan ragu sosai, ido kuma da wuya ya ga bambanci.

A kula da abu huɗu. Na ɗaya, juyawa ba ta ƙara kyau. Kasetin VHS ko an fitar da shi a 1080 yana nan yadda yake, sai dai ya ci wuri a banza. Na biyu, kowace juyawa tana rage wani abu, kamar yadda ake juya kaset daga kaset har murya ta dushe, don haka kullum daga uwa ake juyawa. Na uku, idan kika ga gefen mutum yana tsagewa kamar haƙoran matsefi in ya motsa, akwai matatar da ke gyara wannan a HandBrake, kuma a shiryayyun tsare-tsaren nan a kunne take. Na huɗu, kyamarar da aka yi don ƙasashe irin namu tana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, ta Amurka da Japan kuma kimanin 30. Ki bar shi yadda aka ɗauka, in aka tilasta masa sauyawa tafiyar mutane kan riƙa tsalle.

Juyawa tana zafafa kwamfuta. A yi ta da dare ko da sassafe, a ɗora kwamfutar a kan tebur ko faranti, ba a kan katifa ba inda iska ba za ta shiga ba. Idan kuma filashi ya ƙi karɓar bidiyo alhali akwai wuri, to tsarinsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar abu guda da ya wuce giga 4. Ko a raba bidiyon biyu, ko a sauya tsarin filashin zuwa exFAT, sai dai wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta shi, kuma sauyawar tana goge duk abin da ke ciki.

Amanar da ke cikin hoton

'Yar uwa, wannan shi ne ainihin abin da ya sa muka ce a yi a gida. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto da bidiyo, kuma kowace ta tambayi malamin da ta amince da shi. Amma babu saɓani a kan suturta al'aura da tsare sirrin Musulmi. Aya ta 31 a Suratun Nur ta lissafa waɗanda mace za ta iya bayyana adonta a gabansu, kuma yaron shagon tura finafinai ba ya cikinsu. Idan kika kai kasetinki shago, sai ya zauna a kwamfutarsu kafin ya dawo hannunki. Da yawansu masu amana ne, amma shago wurin shiga da fita ne, kuma kwafi ɗaya daƙiƙa kaɗan yake ɗauka.

Manya za su tuna abin da ya faru a Kano a 2007, sa'ad da wani hoton sirri da aka ɗauka da waya ya bazu daga waya zuwa waya, har gwamnati ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni shida. A lokacin babu WhatsApp, babu TikTok. Yau abin da ya fita daga Shinaka da hantsi, kafin azahar ya isa Legas da Jidda. Ba sai hoton banza ba. Matar aure tana rawa a cikin 'yan uwanta mata shekara ashirin da suka wuce, in ya faɗa hannun marar tsoron Allah ya ɗora masa waƙa ya watsa, ya isa ya girgiza aure. Ki tuna kuma ba ke kaɗai ce a ciki ba. Matan mutane ne suka zo taya ki murna, don haka kafin ki aika wa kowa ki nemi izininsu, ko ki cire su.

Idan dole ta sa a kai waje, kamar kasetin da ya yi fumfuna, to maigida ko wani muharrami ya je ya zauna a yi a gabansa, a zuba kai tsaye a rumbunku, ya dawo da kasetin. A sani kuma gogewa ba ta nufin abu ya tafi, akwai manhajojin da ke dawo da abin da aka goge. Saboda haka na cikin ɗaki ya zauna a rumbun waje kawai, kuma in za a kai kwamfuta ko waya gyara a fara kwashe komai.

Adanawa

Masana wannan fanni suna cewa a yi kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya kuma ya kwana a wani gida daban. A wajenmu, ɗaya a rumbun farko a ɗakinki, ɗaya a faifai ko filashi, ɗaya a rumbu na biyu a wajen 'yar uwa amintacciya a Sakkwato ko wani garin. Gobara ko ambaliya ba za ta ci duka a dare ɗaya ba. Faifan DVD yana ɗaukar giga 4.7, amma rana da karce suna kashe shi. Filashi ma in ya yi shekaru ba a jona shi ba yana iya zubar da abin da ke ciki. Ajiya a intanet tana da amfani ga na kowa da kowa, amma kada a dogara da ita kaɗai. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Goronyo da Rabah, kuma a lokacin abin da ke hannu ne kawai ke hannu.

Ki ba kowane bidiyo suna mai ma'ana, shekara da wata da hidima, misali 2004-03 Bikin Yaya. Ki ware rana ɗaya a shekara, kamar bayan ƙaramar Sallah, ki jona rumbunan ki gwada su. Bayan 'yan shekaru kuma a kwafe zuwa sabo. Rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun iso gare mu ne saboda almajirai sun yi ta kwafe su daga tsohuwar takarda zuwa sabuwa. Haka wannan ma yake. Su kuwa tsofaffin kasetin kada a zubar. A mayar da zaren farko, a sa su a kwalinsu, a jera su a tsaye a wuri mai sanyi, nesa da lasifika.

A ƙarshe, tunda kyamara ko waya tana hannu, in akwai tsohuwa a gidanku ki nemi yardarta ki zaunar da ita ta ba da tarihin gida: daga ina aka taso, wa ya haifi wa, yaya aka yi rayuwa kafin a gina madatsar ruwa ta Goronyo. Minti talatin na wannan zai yi wa zuriyarki amfanin da kasetin biki goma ba za su yi ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.